Hom Tiyata, Kwamfuta da Kunnen Mai Koyon Hausa

Hausawa kan ce jiki ya fi kunne ji. To amma a sha'anin koyon harshe, ni a ganina kunne ne sarki. Duk ɗalibin da ya shigo sashenmu ba tare da ya sha Hausa a nono ba, ya san cewa littafi yakan ɗauki mutum ne ya kai shi wani zango, sa'an nan ya sauke shi ya ce ya ƙarasa da ƙafa. Dalili kuwa shi ne, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, kuma ba ya nuna tsawon wasali. Idan aka rubuta "kuka", ba ka san ko bishiya ake nufi ko zubar da hawaye ba sai ka duba abin da ke kewaye da kalmar. Haka "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, haka "gari" na mutane da "gari" na tuwo. Bahaushe yana karantawa ya wuce abinsa, domin muryar tana cikin kansa tun yana goye. Ni kuwa da na tashi da Yarabanci, inda muke ɗora wa wasula alamar kari a rubutu, sai na ji kamar an ba ni miya an hana ni gishiri.

Wannan ne ya sa nake son in ba 'yan uwana ɗalibai labarin wani aiki da a zahiri ya fi kama da na masu gyaran rediyo, wato haɗa na'urar sauti ta gida, wadda ake kira hom tiyata, da kwamfutar da ke falonmu. Kada mai karatu ya ji kalmar tiyata ya zaci za a fiɗa wani. Kalmar ta shigo Hausa ne ta ƙofar asibiti, daga sunan ɗakin da likitoci ke yin aiki, sai ga shi ta sake dawowa ta ƙofar gidan kallo. Uwa ɗaya ce ta haife su a Turanci, Hausa ta karɓi ɗaya tun tuni, ɗayar kuma har yanzu tana bakin ƙofa tana sallama.

Abin da ya kai ni falo

Aikina na kammala digiri shi ne tattara tatsuniyoyi daga bakin wata tsohuwa a unguwar Sabo ta Ibadan, unguwar da aka kafa wa Hausawa tun 1916. Kowa a gidan Kaka yake kiranta, ni ma haka na bi. Na yi zama shida da ita, na naɗo tatsuniyoyi 17 a wayata, abin da ya kai awa huɗu da 'yan mintoci. Malamin da ke duba aikin ya gindaya sharaɗi: kowace kalma sai an sa mata karin sauti da tsawon wasali yadda Kaka ta furta, ba yadda ƙamus ya ce ba. Ya ce abin da ake nema shi ne a ga ko Hausar waɗanda aka haifa a Sabo ta soma karkata, kuma idan na kwafo alamomin daga ƙamusun Bargery na 1934, to aikin Bargery na maimaita, ban yi nawa ba.

Kaka ta haura shekara tamanin. Muryarta a ƙasa take, haƙoranta sun ragu, kuma a tsakar gida muka yi naɗin, inda akwai kukan awaki da ƙarar injin markaɗe na maƙwabta. Bayan zama na shida ta kwanta ciwo, aka ɗauke ta aka kai ta wajen ɗiyarta a arewa. Saboda haka babu halin in koma in ce, "Kaka, maimaita mini." Abin da ke cikin wayar nan shi ne iyakar abin da nake da shi.

Mai karatu ya dubi kalma ɗaya tak, wato "ya" a cikin "ya tafi". Idan wasalin dogo ne da karin sama, an ba da labarin cewa tafiyar ta auku. Idan gajere ne da karin sama, shi ne wanda ke bin "sai" a cikin jerin labari. Idan gajere ne da karin ƙasa, umarni ne ko fata. Idan kuma dogo ne da karin faɗau, ana nufin wataƙila zai tafi nan gaba. Harufa biyu, ma'ana huɗu, kuma tatsuniya cike take da su, kusan a kowane layi. Lasifikar waya ba ta iya fitar da wannan bambanci daga muryar tsohuwa mai magana ƙasa-ƙasa. Abin sauraro na kunne ya fi ta, to amma bayan awa biyu kunnuwana kan yi zafi, kuma mutum ɗaya kaɗai ke ji. Ni kuwa ina bukatar abokiyar karatuna, wadda aka haifa a Zariya, ta zauna kusa da ni mu ji tare mu yi gardama a kan gaɓa ɗaya.

A falonmu akwai hom tiyata da Baba ya saya a 2008. Faifan DVD ya daina shiga cikinta tun da daɗewa, aka rufe ta da ƙyalle, aka ɗora mata hoton biki. Akwai kuma kwamfutar tebur da yayana ya bari, wadda aka jona da talabijin ana kallo da ita. Da na nemi izinin taɓa su, Baba ya ce, "Ki yi abin da za ki yi, amma ranar Asabar da yamma ina son in ga ƙwallona yadda na saba." Wannan shi ne sharaɗi na biyu.

A san kafofi kafin a sayi waya

Abu na farko shi ne a juya na'urorin a dubi bayansu da fitila. Hom tiyata irin ta gidanmu ana kiranta 5.1. Biyar ɗin su ne ƙananan lasifikoki: hagu da dama na gaba, ta tsakiya, da biyu na baya. Ɗigo ɗayan kuwa ita ce babbar akwatin nan mai fitar da sauti mai kauri, wadda ake kira wufa. Tsarin ya fito ne daga gidajen sinima. Kamfanin Dolby ya fito da nasa na dijital a fim ɗin Batman Returns a 1992, DTS kuma ya biyo baya da Jurassic Park a 1993, daga nan faifan DVD ya shigo da shi ɗakunan mutane. A wannan tsari, maganar 'yan wasa galibi ta lasifikar tsakiya take fita, abin da ya kamata ɗalibin harshe ya riƙe.

A bayan tamu na sami kafofi iri uku. Akwai ja da fara masu suna AUX, waɗanda ke karɓar waya mai kan RCA. Akwai wata 'yar kafa mai murabba'i da ƙaramin murfi, an rubuta mata OPTICAL IN. Akwai kuma HDMI, amma an rubuta mata OUT. A nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Ganin kafar HDMI a jikin kwamfuta da wata a jikin hom tiyata ba ya nufin za su gaisa, domin dukansu masu fitarwa ne, kamar mutum biyu ne kowa na magana babu mai saurare. An fito da HDMI a ƙarshen 2002, amma sai a 2009 aka ƙara masa dabarar da ake kira ARC, wadda ke ba talabijin damar mayar da sauti baya zuwa na'urar sauti ta waya ɗaya. Na'urar da aka ƙera kafin wannan shekara, kamar tamu, ba ta san da zancen ba.

A bayan kwamfutar kuma akwai ƙananan ramuka uku masu launi. Kore shi ne na fitar da sauti, ruwan hoda na makirfo ne, shuɗi kuma na shigo da sauti daga wata na'ura. Kamfanonin Microsoft da Intel ne suka daidaita waɗannan launuka a ƙarshen shekarun 1990 don kada mutane su riƙa ruɗewa. Wasu kwamfutocin suna da ramuka shida, inda ruwan lemo ke ɗaukar lasifikar tsakiya da wufa, baƙi kuma ke ɗaukar na baya. Tamu uku gare ta.

Hanya mafi arha ita ce waya mai siririn kai ɗaya na milimita 3.5 a gefe guda, da kawuna biyu, ja da fari, a ɗaya gefen. Siririn ya shiga koren rami, ja ya shiga ja, fari ya shiga fari, a danna maɓallin zaɓi a kai shi AUX. Haka na yi, kuma sauti ya fito. Sai dai bai fito shi kaɗai ba.

Ƙugi

A ƙarƙashin muryar Kaka akwai wani ƙugi mai kauri da ba ya yankewa, kamar an kunna firji a cikin lasifika. Idan aka motsa linzamin kwamfuta kuma sai wani siririn tsiwa ya biyo baya. Mai kallon fim yana iya haƙuri da wannan, domin kiɗa da harbe-harbe sukan rufe shi. Mai farautar karin ƙasa a bakin tsohuwa kuwa ba zai iya ba.

Na je wajen wani mai gyaran rediyo a Sabo, na kwatanta masa. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "'Yar makaranta, wayoyi nawa ne suka haɗa kayan nan da juna?" Na ƙirga masa: kwamfuta da talabijin akwai HDMI, hom tiyata da talabijin akwai tsohuwar HDMI ta zamanin DVD, ga kuma sabuwar waya tsakanin kwamfuta da hom tiyata. Ya ce, "To kin yi musu zobe. Wuta kuwa in ta sami zobe sai ta zagaya."

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na tarar haka yake a littattafai, shi ne: kowace wayar sauti tana da jijiyar ƙasa, wadda ya kamata ta zama ma'aunin sifili. Idan na'urori suka haɗu ta hanya fiye da ɗaya, ko kuma aka jona su a soket daban-daban, sai a sami ɗan bambanci tsakanin sifilin wannan da na waccan, wata 'yar wuta ta riƙa bin wayar sautin. Wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka abin da ke fita shi ne sauti mai kaɗawa 50 da ninke-ninkensa, wato 100, 150, har sama. Ninke-ninken nan kuwa a daidai inda muryar mutum take suke sauka, domin muryar namiji takan kaɗa tsakanin 85 da 180 a daƙiƙa, ta mace kuma tsakanin 165 da 255. Karin sauti ba wani abu ba ne illa hawa da saukar wannan kaɗawa. Ashe ƙugin a gonata yake kiwo.

Na ce, "Malam, wani ya ce in an karya ƙafar fulogi ta uku ƙugin zai tafi." Ya ɗago kai ya dube ni. Ya ce, "Zai tafi, amma ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfen kwamfutar, ke za ta bi ta sauka ƙasa. Kada ki kuskura, kuma kada ki bari wani ya yi a gidanku." Ya ba ni shawara uku. In cire tsohuwar HDMI tun da DVD ɗin ya mutu. In jona kayan duka a ekistenshan ɗaya. In kuma hakan bai wadatar ba, in dubi bayan talabijin ko akwai kafar haske.

Shawara ta ɗaya da ta biyu sun rage ƙugin ƙwarai, amma tsiwar linzami ta ƙi tafiya, domin ita daga cikin kwamfutar take, inda sashen sauti ke zaune kusa da sassan da ke watsa hayaniyar lantarki. Sai na koma ga ta uku. Talabijin ɗinmu yana da kafar haske mai fitarwa. Wayar haske, wadda kamfanin Toshiba ya ƙirƙiro a 1983, ba ta da ƙarfe a cikinta. Zaren roba ne mai ɗaukar jan haske yana ƙyaftawa, kuma abin da ba ya ɗaukar wuta ba zai ɗauki ƙugi ba. Sabon tsari ya zama haka: kwamfuta ta aika hoto da sauti zuwa talabijin ta HDMI, talabijin ya miƙa sautin ga hom tiyata ta wayar haske. Akwai 'yan hulunan roba a kawunan wayar da ake cirewa kafin a soka, kuma ba a lanƙwasa ta sosai don kada zaren ya karye. Da na kunna, falo ya yi tsit, sai muryar Kaka da awakinta.

Saiti

Waya rabin aiki ce. A cikin Windows sai an shiga wajen saitin sauti an zaɓi talabijin a matsayin inda sauti zai fita, in ba haka ba kwamfuta za ta ci gaba da aikawa koren rami. A cikin saitin talabijin kuma sai an kashe lasifikarsa, an zaɓi fitarwa ta haske, an sa shi a PCM. Wayar haske tana iya ɗaukar hanya biyu na sautin da ba a matse ba, ko kuma 5.1 da aka matse irin na Dolby Digital da DTS. Ba ta ɗaukar hanya shida marasa matsi, wannan sai HDMI. Ga aikina hanya biyu sun isa har da saura, tun da naɗin waya ta hanya ɗaya yake.

Wannan batu yana da muhimmanci. Lasifika shida ba sa ƙara abin da makirfo bai kama ba. Na'urar tana da maɓallin da ke baza sauti ga dukan lasifikoki, da wasu da ke kwaikwayon babban zaure ko filin wasa. Duk waɗannan amsa-kuwwa suke ƙarawa, amsa-kuwwa kuwa tana ja wa gajeren wasali jela har ya yi kama da dogo. Wanda ke son bambance "baƙo" na gida da "Baƙo" sunan mutum, inda na farko ke ƙarewa da dogon wasali na biyu da gajere, to ya kashe su duka ya bar na'urar a sitiriyo. Haka kuma ya kashe duk wani ƙarin armashi da ke cikin saitin Windows.

Wufa ma sai da aka yi ciniki da ita. Yayana ya bar ta a ƙure, yadda in ana kiɗa har tagogi ke rawa. A haka murya takan kumbura, kalmomi su manne da juna. Amma kashe ta gaba ɗaya ma bai yi ba. Ƙananan lasifikokin irin wannan na'ura ba su fi tafin hannu ba, ba sa iya sauka ƙasa sosai, saboda haka wani yanki na muryar mutum ta wufa yake fita. Da na kashe ta sai Kaka ta koma kamar mai magana ta cikin gwangwani. Na tsayar da ita a wajen kashi ɗaya cikin uku.

Sa'an nan jeri. Ƙa'idar da masana sauti suka amince da ita ita ce, lasifikar hagu da ta dama su kasance a kusurwar digiri 30 daga mai sauraro, wato shi da su biyun su yi alwatika mai gefuna daidai, kuma su kasance a tsayin kunnensa in ya zauna. A gidanmu, kamar gidaje da yawa, ɗaya tana kan kabad, ɗaya tana ƙasa bayan kujera. Na sauko da su kan kujeru biyu 'yan tsugune da na ɗora wa littattafai. Na kuma bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya na tabbatar ja yana ja, baƙi yana baƙi a kowane gefe. Idan aka juya na lasifika ɗaya, to lokacin da take turo iska 'yar uwarta tana janyewa, sai sauti mai kauri ya cinye kansa, murya kuma ta rasa tsakiya. Falonmu daɓen tayil ne da bangon siminti, saboda haka na shimfiɗa darduma tsakanina da lasifikokin, na saki labule.

Saura biyu ƙanana. Na gwada wata 'yar na'urar Bluetooth da ƙanena ya ara mini, na ga tana jinkiri, kuma idan na danna gaɓa ɗaya don in ji, takan haɗiye farkonta. Ga wanda ke son jin bambancin "kafa" da "ƙafa", farkon gaɓa shi ne dukan dukiyar. Na biyu kuma, duk lokacin da wuta ta ɗauke za a tayar da janareta, akan kashe hom tiyata tukuna, kuma ita ce ta ƙarshe da ake kunnawa bayan wutar ta zauna.

Abin da kunne ya samu

Mun yi mako biyar muna aiki, ni da abokiyata, daga bayan azahar zuwa magariba. Muna buɗe naɗin a Audacity, mu zaɓi jimla ɗaya mu sa ta yi ta maimaita kanta. Inda muka saɓa sai mu kai ta Praat, manhajar da Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka rubuta, wadda ke zana hawa da saukar murya a kan allo. Duka biyun kyauta ne.

A nan na ji da kunnena abin da aka koya mana a aji, cewa a jimlar Hausa murya gangarowa take yi. Karin sama da ya biyo bayan karin ƙasa ba ya kai na farko tsawo, har ya zama a doguwar jimla karin sama na ƙarshe yana iya zama ƙasa da karin ƙasa na farko. Kunnen da ya saba da matakai uku na Yarabanci yakan so ya kira irin wannan kari na tsakiya, alhali Hausa ba ta da shi. Sai da na ji jimla guda sau ashirin a sarari, babu ƙugi, sa'an nan kunnena ya yarda ya riƙa auna kowace gaɓa da maƙwabciyarta maimakon farkon jimla.

Na kuma ji yadda ɓ da ɗ suke da wata 'yar shaƙewa a maƙogwaro kafin su fito, da yadda ƙ da ts ke fita da ɗan tsalle sa'an nan wasali ya biyo. Babu ko ɗaya daga cikinsu a harshena na gado. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, a bakin Kaka, wadda aka haifa a Ibadan kuma take jin Yarabanci kamar ni, waɗannan baƙaƙe suna nan daram. Kalmomin aro na Yarabanci sun shiga maganarta, musamman na abinci da na kasuwa, amma ta sa musu rigar Hausa. Wannan shi ya zama babi na huɗu na kundina.

Akwai wurare 31 da muka kasa. A wasu injin markaɗe ya taso daidai kan kalma, a wasu kuma Kaka ta juya kai tana yi wa jikanta magana. Babu wayar da za ta dawo da su. Na sa musu alamar tambaya, malamina kuma ya ce haka ya fi a cike da ƙage. Darasin da ke nan ga wanda zai fita naɗi shi ne, gyaran sauti daga wajen makirfo yake farawa. A matso da shi kusa da bakin mai magana, a nemi ɗaki mai labule da katifa, a guji tsakar gida, kuma kada a tura naɗin ta manhajar hira inda za a matse shi. A kwafe shi ta waya zuwa kwamfuta, a ajiye a wuri biyu.

Wani abu kuma ya faru wanda ban shirya masa ba. Abin sauraro na kunne yakan ware mutum, lasifika kuwa ta kowa ce. Mama, wadda ta yi shekaru tana sayen tumatir da albasa a hannun Hausawa, ta soma tsayawa a bakin ƙofa da ludayi a hannu tana tambaya me Gizo ya yi kuma. Da na fassara mata sai ta ce ai wannan halin Kunkuru ne a tatsuniyoyinmu. Baba, wanda tun farko bai ga dalilin da zai sa 'yarsa ta karanta Hausa a jami'a ba, ya sami ƙwallonsa ranar Asabar da sautin da bai taɓa ji ba tun da DVD ya mutu. Bai ce komai a kan karatuna ba, amma ya hana ƙannena taɓa maɓallin wufa, ya ce a bar shi inda yayarsu ta sa.

Kira ga sashe

'Yan uwana ɗalibai, musamman waɗanda Hausa ta zame musu harshe na biyu, mu nan ba mu da gatan da takwarorinmu na Kano da Sakkwato suke da shi, inda harshen ke shiga kunne daga mai shayi, daga direba, daga masallaci. Mu sai mun nemo shi. Abin sauraro kuwa ba ya ƙaranci. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, ga Muryar Jamus, ga RFI da ta fara Hausa a 2007, ga finafinan Kano, ga naɗe-naɗen da ɗaliban da suka gabace mu suka yi suka tafi da su a wayoyinsu. Abin da muka rasa shi ne wurin da za mu zauna mu ji tare, mu tsayar, mu mayar baya, mu yi musu.

Gidaje da yawa suna da irin wannan na'ura a lulluɓe, an yanke mata hukuncin mutuwa saboda faifai ya daina juyawa, alhali amfilifayarta da lasifikokinta lafiya lau suke. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nemi ɗaya a wajen iyaye ko tsofaffin ɗalibai, a roƙi sashe ya ba mu kusurwa a ɗakin karatu da awa biyu a mako. Abin da za a saya bai wuce waya ɗaya da ekistenshan mai kyau ba. Ni na ɗauki alkawarin haɗawa, kuma zan kawo tatsuniyoyin Kaka, wadda ta ba ni izini tun ranar farko, ta ce a kai wa duk mai son ji.

Sa'an nan ina ƙalubalantar ajin fassara da su samo mana suna. "Hom tiyata" ta zauna a bakin 'yan kasuwa, amma har yanzu tana sa wasu tunanin asibiti. Na ji wani ya ce "sinimar gida", wata ta ce "sautin kewaye". A kawo nasu a fitowa ta gaba mu gani.

Allah ya ba Kaka lafiya, ya saka wa mai gyaran rediyon Sabo da alheri, mu kuma ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.